Kaya In Sun Fita Ba A Mayarwa

A ƙarshen daminar da ta wuce, sa'ad da 'yar ƙanena ta sami gurbin karatu a jami'a, aka kuma gaya mata cewa karatun wannan zamani ba ya yiwuwa sai da kwamfutar cinya, sai nauyin sayenta ya faɗo a wuyana, domin mahaifinta ya riga mu gidan gaskiya, ni ne kuwa babba a gidan. Na ɗauke ta muka tafi wata kasuwar na'urori a nan Kano, da naira 280,000 a aljihuna, kuɗin da aka tara daga hannu uku ko huɗu, muka shiga wani shago wanda ba zan ambaci sunansa ba, sabili da ba tonon asiri na nufa ba, kuma abin da ya same mu a cikinsa yana samun bayin Allah a shaguna da yawa, daga nan har Ikko.

Yaron shagon, wani saurayi mai fara'a da ladabi, ya tarbe mu hannu biyu biyu, ya jawo mini kujera, ya aika aka kawo mana ruwan sanyi tun ba mu buɗe baki ba. Na ce masa, “Ɗana, ni dai ban san kan wannan abu ba, ita ma yarinyar ba ta sani ba. Karatu za ta yi da ita, rubutu da bincike. Ka dubi Allah ka zaɓa mana wadda ta dace da mu, ka sayar mini kamar yadda kake sayar wa kowa.” Ya ce, “Baba, ai kun zo gida.” Ya ɗauko wata ya buɗe, ta hannu ce irin waɗanda ake kira tokumbo, ya faɗi kuɗinta, suka yi daidai da abin da ke aljihuna, amma kafin in ce uffan sai ya rufe ta, ya tura ta gefe, ya girgiza kai, ya ce, “Gaskiya Baba, wannan ba ajinku ba ce. 'Yarku guda, a ce ta shiga jami'a da wannan, ƙawayenta suna kallo? Ga Core i7 nan, ita ce ta manya, ita kaɗai ta rage, yanzun nan wani ya bugo waya zai zo ya ɗauka.” Na dubi yarinyar na ga ta sunkuyar da kai, na kuwa san abin da ke ratsa zuciyar marainiya idan aka ambaci ƙawaye a gabanta. Daga nan aka shiga jibga mana kaya: jaka, da linzami, da wani matashi mai fanka da ake ɗora ta a kai don kada ta yi zafi, da manhajar riga-kafi wadda ya rantse in babu ita na'urar ba za ta kwana uku ba, sa'an nan da wani ƙarin kuɗi da ya kira garanti na wata shida. Kowanne na yi alamar ƙi, sai ya ce, “Haba Baba, don wannan ɗan abin?” Ba mu fito ba sai da lissafi ya kai naira 365,000, cikon ma sai da na kira wani aminina ya turo.

Kwana uku bayan haka yarinyar ta zo mini da idanu jajur, ta ce in aka zare caja kwamfutar ba ta minti 20 sai ta mutu, ga shi kuwa kowa ya san halin wutar lantarki a garin nan. Muka koma. Saurayin ya gaishe ni da ladabinsa na farko, ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya karɓi rasit ɗin daga hannuna, ya ɗora yatsa a kan wani ƙaramin rubutu na Turanci a can ƙasa, wanda ma'anarsa ita ce kayan da aka saya suka fita ba a mayar da su, ba a kuma mayar da kuɗi, ya ce, “Baba, ai ga shi a rubuce.” Na ce to garantin da na biya fa? Ya ce garanti bai shafi batir ba, bai shafi gilashi ba.

Na dawo gida ina ta jujjuya al'amarin a raina, abin da ya tsaya mini kuwa ya wuce maganar kuɗi, ko da yake kuɗin ba kaɗan ba ne a wurinmu. Yaron nan Musulmi ne, na ga tabon salla a goshinsa, na kuma tabbata da za a ce ya sa hannu a aljihuna ya zari naira ɗari da ya gwammace hannun ya shanye. To, yaya aka yi abin da ya yi mini bai zama sata a idonsa ba? Ina ne iyakar da ta raba gwanintar ciniki, wadda Shari'a ta halatta har ta yaba wa mai ita, da cin dukiyar mutane da ɓarna? Kuma wane nauyi wannan ɗan rubutu na ƙasan rasit yake da shi a ma'aunin Shari'a? Waɗannan su suka mai da ni ga littattafan da muka karanta a zaure muna samari, na tarar da malamanmu sun riga sun yi magana a kan cinikin kwamfuta tun ba a ƙirƙiro ta ba.

Asalin mas'alar yana cikin aya ta 29 ta Suratun Nisa'i, inda Allah Maɗaukakin Sarki ya hana muminai cin dukiyar junansu da ƙarya, ya togace fataucin da ya gudana bisa yardar ɓangarori biyu. Yarda ita ce ruhin ciniki. Amma da yake yarda aikin zuciya ce, zuciya kuwa babu mai leƙa ta sai wanda ya halicce ta, sai fakihai suka tsai da hukunci a kan alamarta ta zahiri, watau mai kaya ya ce na sallama, mai saye ya ce na saya, ko kuwa a miƙa kuɗi a karɓi kaya. Alƙali ba shi da abin da zai kama sai wannan, kuma da an kai shari'armu gabansa a kan jaka da linzami da fanka, da ya ce mini, da gaskiyarsa, kai ka miƙa kuɗinka da hannunka babu wanda ya sa maka wuƙa. Amma hukuncin alƙali daban, abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa daban, ɗan kasuwa kuwa ya fi kowa sanin ta wace hanya ya samo kalmar “na saya” daga bakin mutum. Malamai suna da magana sananniya cewa abin da aka karɓa daga hannun mutum ta hanyar sa shi jin kunya, alhali an san zuciyarsa ba ta so ba, hukuncinsa hukuncin ƙwace ne, har suka siffanta kunya da takobi. Wannan magana ta fi kama mu Hausawa da kowa, domin mu mutane ne da aka rena a kan kara da alkunya: dattijo ba ya son a ga gazawarsa a gaban 'yarsa, wanda aka ba kujera da ruwan sanyi ba ya iya tashi ya fita hannu rabbana, wanda aka kira Alhaji ba ya iya cewa kuɗina ba su kai ba. Waɗannan halaye ne na girma, su ne suka riƙe zaman tare a ƙasar nan, mai shagon da ya gane su ya mai da su ƙugiya kuwa ya cuci abokin cinikinsa, ya kuma cuci halin kirkin kansa, domin a ƙarshe sai ya koya wa mutane cewa kunyar mara kunya asara ce, su shigo kasuwa fuska a murtuke.

Batun wai ita kaɗai ta rage, wani ya bugo waya, wannan ba ya bukatar dogon bincike. Idan babu wanda ya bugo, ƙarya ce tsagwaronta, kuma 'yar'uwar najashu ce, watau mutum ya ƙara taya kaya ba da nufin saye ba sai don ya zuga wani, abin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana; bambancin kawai a nan ba a ma ɗauki wahalar kawo ɗan zuga ba, an ƙirƙire shi ne da baki. Amfaninta ɗaya ne, a hana mai saye fita ya yi shawara.

Inda na fi daɗewa ina tunani shi ne kalmar da ta fito daga bakina da kaina a farkon shigarmu, wadda ban san nauyinta ba sai daga baya. A fiƙihun Malikiyya akwai wanda ake kira mustarsili, shi ne mai sayen da ya bayyana wa mai kaya jahilcinsa, ya sallama masa, ya ce sayar mini kamar yadda kake sayar wa mutane. Ko da yake mashahurin zance a mazhaba shi ne wanda ya yi ciniki da wayonsa aka ƙware shi a farashi ba shi da ikon warwarewa, to, sun togace mustarsili, suka ce idan aka yaudare shi yana da haƙƙin mayarwa, domin shi bai shiga cinikin da wayo ba, da amana ya shiga. A zamanin da aka rubuta wannan hukunci mustarsili baƙo ne a kasuwa, ɗaya cikin da yawa, sabili da kayan da ake saye a lokacin kaya ne da ido ke gani, hannu ke taɓawa. Mai sayen akuya ya buɗe bakinta ya dubi haƙora, mai sayen gero ya cusa hannu cikin buhu, mai sayen turmin atamfa ya murza bakinsa ya ji ko sitaci ne ya cika shi. Saninsa da sanin mai kaya ba su yi nisa da juna ba. Amma kwamfuta akwati ce rufaffiya, alherinta da sharrinta duk suna ciki inda ido ba ya kaiwa, kuma cikin mutum goma da ke shiga irin wannan shago da wuya a sami biyu da suka san abin da suke kallo. Saura duka mustarsilai ne, ko sun furta ko ba su furta ba. Ke nan abin da ya kasance togaciya a littafi ya zama shi ne galibi a wannan kasuwa. Da zarar mutum ya ce wa mai shago wacce ta dace da ni, to, ya ɗora masa rawani na biyu a kan na fatauci, ya mai da shi mashawarci, hadisi kuwa ya tabbata a wurin Abu Dawuda da Tirmizi cewa wanda aka nemi shawararsa an ba shi amana ne. Ɗan kasuwa yana da ikon neman riba iyakar ƙoƙarinsa daga wanda ya zo yin ciniki da shi ƙirji da ƙirji. Ba shi da ikon ya karɓi rawanin mashawarci sa'an nan ya ba da shawarar da aljihunsa kaɗai za ta amfana.

Wani ɗalibi maƙwabcinmu, wanda ya karanta ilmin kwamfuta, shi ya buɗe mini idanu a kan ragowar. Ya duba na'urar ya ce lalle Core i7 ce, yaron bai yi ƙarya ba, sai dai ta zubi na huɗu ce, wanda kamfanin Intel ya fitar tun 2013. Ya bayyana mini cewa wannan suna na i3 da i5 da i7 daraja ce a cikin zubi guda, kamar a ce babban ɗa da na tsakiya da ƙarami a ɗaki ɗaya, don haka i5 ta zubin baya-bayan nan tana iya tsere wa i7 ta tsohon zubi nesa ba kusa ba. Ya ƙara da cewa Windows 11 ba ta karɓar abin da ya gaza zubi na takwas a hukumance, ita kuwa Windows 10 da ke kan tamu kamfanin Microsoft ya sa 14 ga Oktoba 2025 ta zama ranar daina kula da ita. Manhajar riga-kafin da aka rantse mana a kanta ma, ya nuna mini Windows tana zuwa da tata a ciki kyauta. A nan na ga wani nau'i na algus wanda ya fi ƙarya tsantsa wuyar kamawa, shi ne a faɗi gaskiya guda don a binne gaskiya uku. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya tattara adalcin ɗan kasuwa cikin abubuwa huɗu a babin ladubban neman abinci na littafinsa Ihya'u, na farkonsu kada ya yabi haja da abin da babu shi a cikinta, na biyu kada ya ɓoye kome daga aibinta. Wanda ya tsare na farko ya keta na biyu bai kuɓuta ba.

Ɗalibin ya kuma rubuta wa na'urar wani ɗan umarni, nan take ta fito da rahoton batirinta, lambobi biyu gefe da gefe: abin da aka ƙera shi ya ɗauka, da abin da yake iya ɗauka yanzu, na biyun bai kai rubu'in na farkon ba. Ya ce duk mai sana'ar nan ya san wannan umarni, ba ya cin minti guda. Sai na tuna a shagon cajar tana maƙale da ita tun daga buɗewa har rufewa. Nan da nan hadisin musarratu ya faɗo mini, watau tunkiya ko taguwar da ake ƙin tatsa kwanaki kafin kasuwa don hantsarta ta cika, mai saye ya zaci mai yawan nono ce; Annabi ya ba wanda ya saye ta zaɓi bayan ya tatsa, in ya so ya riƙe, in ya so ya mayar tare da sa'i ɗaya na dabino a madadin nonon da ya sha, a ruwayar Muslim kuwa an ƙayyade kwana uku. A dubi adalcin wannan hukunci ta fuska biyu: bai bar mai saye da asara ba, bai kuma bar shi ya sha nonon banza ba. Haka kuma labarin tarin abincin da Annabi ya cusa hannunsa mai albarka a ciki ya ji danshi a ƙasa, mai shi ya ce ruwan sama ne, aka tambaye shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani. Ba a zarge shi da sayar da jiƙaƙƙen abinci ba, an zarge shi da inda ya ajiye shi. Babu laifi a sayar da kwamfuta mai mataccen batir. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Sharaɗi dai a gaya masa rariya ce.

Sai rubutun ƙasan rasit. Wannan ma ba baƙo ba ne ga fakihai, sunansa ciniki bisa bara'a, watau mai kaya ya sharɗanta cewa ya kuɓuta daga duk aibin da zai bayyana. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Abdullahi ɗan Umar ya sayar da wani bawa dirhami 800 bisa wannan sharaɗi, mai saye ya tarar da wata cuta a jikinsa wadda ba a gaya masa ba, suka kai ƙara gaban Halifa Usmanu ɗan Affan. Halifa bai ce sharaɗi ya yanke magana ba, sai ya hukunta Abdullahi ya rantse cewa bai san da cutar ba lokacin da ya sayar, shi kuwa saboda tsantseni ya ƙi rantsuwa, ya karɓi bawansa, daga baya ya warke a hannunsa ya sayar da shi dirhami 1,500. Daga nan Malikiyya suka ƙuntata wannan ƙofa ƙwarai, suka ce bara'a ba ta amfanin mai kaya a kan aibin da ya sani ya ɓoye, kuma a mashahurin zance ba su buɗe ta a sauran hajoji ba. Hanafiyya sun fi sassautawa wajen inganta sharaɗin, amma ko su ba su halatta wa mutum ɓoye aibi ba. Sa'an nan sharaɗi sai an san shi kafin a ƙulla ciniki yake zama sharaɗi. Rubutun da aka miƙa wa mutum bayan ya biya, da harshen da bai iya ba, da baƙaƙen da sai an sa tabarau, wannan sanarwa ce ta ɓangare guda.

Wani zai ce ai Malik bai yarda da zaɓin majalisa ba. Haka ne: ya ruwaito hadisin da ya ba masu ciniki zaɓi matuƙar ba su rabu ba, amma bai yi aiki da zahirinsa ba domin bai tarar da aikin mutanen Madina a kansa ba, Shafi'i da Ahmad kuwa suka yi aiki da shi. Sai dai mazhabar da ta rufe wannan taga ta buɗe ƙofofi biyu manya, zaɓin aibi, wanda Shari'a ce ta ba da shi ko ba a ambata ba, da zaɓin sharaɗi, wanda masu ciniki ke ƙullawa don a gwada kaya ko a yi shawara. Abin sha'awa, ba su yanka masa wa'adi ɗaya ba, sai suka auna shi da irin hajar: a Muhtasar na Shehu Halilu gida kamar wata guda, dabba kamar kwana uku, kowane abu gwargwadon lokacin da aibinsa ke bukata kafin ya fito fili. Da za a tambayi wannan ƙa'ida kwana nawa kwamfuta ta hannu take bukata, da ta ce gwargwadon abin da zai isa a cika batir a ga ƙarewarsa, a yi aiki da ita har ta ɗau zafi, a kai ta wurin wanda ya sani. Shi ma sahabin nan da masu sharhi suka ce Habbanu ɗan Munƙizu ne, wanda ake yawan ƙwararsa a kasuwa, ba a hana shi ciniki ba, an koya masa ya sharɗanta rashin yaudara tun farko, a wata ruwaya kuma aka ba shi zaɓin kwana uku.

Dokokin zamani sun biyo wannan hanya ta nasu tafarkin. A ƙasashen Tarayyar Turai wanda ya sayi kaya ta intanet yana da kwana 14 ya mayar ba tare da ya faɗi dalili ba. A Ingila wata doka ta 2015 ta ba mai saye kwana 30 ya mai da kaya mai aibi ya karɓi kuɗinsa cif. A nan Nijeriya dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mutum ikon mai da kaya idan ya gaya wa mai sayarwa bukatar da zai yi da su, sa'an nan suka kasa biyan wannan bukata. Abin baƙin ciki ne a ce al'ummar da yaranta ke haddace babin ciniki na Risala a makarantun zaure sai an tuna mata da wannan daga waje.

Wajibi ne kuma in yi wa 'yan kasuwa adalci, domin wannan rubutu bai faɗo daga sama ba, wuya ce ta haife shi. Akwai mai sayen da zai ɗauki na'ura ya yi aikinsa na mako guda ya dawo da ita ya ce ba ta yi masa ba. Akwai wanda ɗansa zai kwarara mata shayi ya zo ya rantse haka ya same ta. Akwai ma wanda zai buɗe cikinta ya musanya batir ko ma'ajiya da matacce ya dawo yana ɗaga murya. Ga kuma halin kuɗi: dalar da ake saye wajen naira 460 a farashin hukuma kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a cikin 2024, mai shagon da ya sayar yau bai san da nawa zai sayo gobe ba. Ribar na'urar kanta sau da yawa ba ta taka kara ta karya ba, a jaka da linzami ake samun na cefane. Shari'a ba ta jahilci wannan ba. Aibin da ya faru a hannun mai saye nasa ne, wanda aka nuna masa aibi ya yarda ba shi da bakin magana daga baya, kuma algus haramun ne daga kowane gefen kanta ya fito.

Saboda haka dole a rarrabe abubuwa da wannan rubutu ya cakuɗa wuri ɗaya. Mayarwa don tsohon aibi da aka ɓoye haƙƙi ne, ba alfarma ba ce. Mayarwa cikin wa'adin da aka sharɗanta cika alkawari ce. Amma wanda ya sayi lafiyayyen kaya da saninsa, ya kwana ya tashi ya yi nadama, wannan ba shi da haƙƙi a kan kowa, sai dai Shari'a ta kwaɗaitar da mai kaya ya karɓa, abin da ake kira iƙala, aka yi masa alkawarin Allah zai yafe masa tuntuɓensa kamar yadda ya yafe wa ɗan'uwansa nasa. Da yake kuma Malikiyya suna ɗaukar iƙala a matsayin sabon ciniki in ban da wurare ƙididdigaggu, ban ga laifi ba idan mai shago ya ce zai karɓa amma zai rage wani abu saboda kwalin da aka yage da kwanakin da aka yi, matuƙar cinikin na hannu da hannu ne kuma an yi ragin bisa yarda. Abin da ba shi da mafaka shi ne a ɗauki hukuncin mai nadama a ɗora wa wanda aka ɓoye wa aibi.

Garantin da ake sayarwa daban kuwa malaman zamani sun yi saɓani a kansa, waɗansu suna ganin ya yi kama da inshora saboda gararin da ke ciki, mutum ya biya kuɗi tabbatattu a kan gyaran da bai san zai auku ko ba zai auku ba, waɗansu suna sassautawa idan ya biyo cinikin a ƙulli ɗaya. Amma garantin da ba a faɗi abin da ya ƙunsa ba sai ranar da aka zo nema, wannan cinikin biri a sama ne a wurin kowa. Ina tuna lokacin da mai awo, in ta gama cika mudu, sai ta ƙara ɗan tafi a kai ta ce ga gyara, don zuciyar mai saye ta tafi da daɗi, ita ma ta kuɓuta daga shakkar tauye mudu. Yau ma ana ƙari a bayan ciniki, sai dai ya juya, mai saye ne ke yin gyaran.

Mun koma karo na uku tare da ɗalibin nan, muka nemi mai shagon kansa, wani dattijo sa'ana. Ya dubi rahoton batirin, ya yi shiru, ya ce, “Malam, a yi haƙuri, wannan kuskurenmu ne.” Ya sa aka canza batir ba tare da ya karɓi ko kwabo ba, amma ya ce na'urar da sauran tarkacen ba za su koma ba, ni ma ban matsa ba. A cikin hirarmu na fahimci yaron ba shi da albashin kirki, la'ada yake samu a kan abin da ya iya ɗorawa sama da farashi da kuma ƙananan kayan da ya liƙa wa mai saye. Tun daga ranar haushin yaron ya ragu a zuciyata, ya koma kan wannan tsari, domin wanda ya ɗaure abincin yaronsa a kan yawan abin da ya tatsa daga marasa sani, ba zai tsaya gobe ya ce shi bai yi rantsuwar ƙarya ba, yaro ne ya yi.

Kirana ga shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwar na'urori, da limaman masallatan da ke cikin waɗannan kasuwanni, shi ne su zauna su goge wannan layi daga rasit, su sa wani a gurbinsa da Hausa, da boko da ajami, wanda zai faɗi zubin na'urar, da ƙarfin batirinta kamar yadda rahotonta ya nuna a gaban mai saye, da kwanakin zaɓi ko da uku ne, da abin da za a rage in nadama ce kawai ta dawo da mutum. Su kuma yanka wa yaransu albashin da zai raba su da rantsuwa. Kai kuma mai karatu, in ranar sayenka ta zo, ka tafi da wanda ya sani, ka sa a zare caja a gabanka, kuma kada kuɗi su bar hannunka sai an rubuta maka kwanakinka a kan takarda.